Daga bakin teku zuwa Lafia: Yadda ake dakon manyan injunan wutar lantarki a kan titi

A ranar 24 ga Fabrairu, 2022, shugaban ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da babbar tashar karɓa da rarraba wutar lantarki da ke Akurba, a gefen garin Lafia, babban birnin Jihar Nasarawa. Kafin a gina ta, garin ya shafe shekaru yana dogaro da layi mai ƙarfin kilobolt 33 da aka ja daga Akwanga, wutar da kan iso a raunane, wani lokaci ta kasa tayar da ko injin niƙa. Kamfanin NDPHC ne ya gina tashar a kan babban layin kilobolt 330 da ya taso daga Enugu ya bi ta Makurdi zuwa Jos, kuma tana ɗauke da manyan taransfomomi biyu masu ƙarfin MVA 150 kowanne, da wasu biyu masu MVA 60.

Ba a ƙera kayan aiki masu wannan girma a Najeriya, Lafia kuma tana da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku. Ke nan duk wani babban taransfoma, ko janareto, ko injin da ke juya janareton, sai ya sauka a tashar jiragen ruwa, sannan a ɗora shi a kan tirela a ratsa ƙasa da shi. Wannan zango na tafiyar ba ya cika shiga labarai, amma sau da yawa shi ke yanke hukuncin ko tashar wuta za ta fara aiki a kan lokaci ko za ta yi shekaru tana jira.

Mene ne ake ɗauka?

Tashar samar da wuta mai amfani da iskar gas tana tsaye ne a kan manyan kaya uku. Na farko shi ne injin da injiniyoyi ke kira tabain. Aikinsa shi ne ya zuƙi iska ya matse ta, ya haɗa ta da gas ya ƙona, sannan zafin da ya fito ya bugi jerin fuka-fukan ƙarfe da ke jikin wata doguwar sanda, sandar ta riƙa juyawa. A manyan injuna irin na tashoshin Najeriya, sandar tana juyawa sau 3,000 a minti ɗaya. Na biyu shi ne janareto, wanda ke mayar da wannan juyi ya zama wutar lantarki. Na uku shi ne taransfoma, wanda ke ɗaga ƙarfin wutar domin ta iya tafiya mai nisa a kan manyan layuka.

Babban injin gas irin wanda kamfanonin General Electric na Amurka da Siemens na Jamus suka kafa a tashoshin ƙasar nan yakan kai nauyin tan 200 ko kusa da haka, janaretonsa ma kusan haka yake. Taransfoma mai ƙarfin MVA 150 yakan wuce tan 100 ko da an tsiyaye man da ke cikinsa. Idan aka tuna cewa tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 take ɗauka, za a ga cewa injin guda ɗaya ya kai nauyin kayan tireloli shida ko bakwai a dunƙule wuri ɗaya.

Mai karatu zai iya tambaya: me zai hana a kwance injin, a kawo shi gunduwa-gunduwa? Ana cire duk abin da zai ciru. Bututan shigar iska da na fitar hayaƙi, na'urorin sanyaya mai, da dogayen ƙahonin tangaran da ke saman taransfoma duk a kwantena ko ƙananan tireloli suke zuwa. Amma zuciyar injin a masana'anta ake haɗa ta, a daidaita nauyin sandar ta yadda ba za ta yi rawa ba, kuma tazarar da ke tsakanin fuka-fukai da bangon injin 'yan milimita ce kawai. Taransfoma kuwa a kan rufe shi ruf, a cika cikinsa da busasshiyar iska ko iskar naitirojin, domin danshi kaɗan ya isa ya lalata takardar da aka naɗe wayoyinsa da ita. Irin wannan kaya shi ake kira kayan da ba ya rabuwa, kuma dokar hanya ta ware masa hukunci na dabam.

Abin da doka ta ce game da nauyi

A shekarar 2012 ƙasashen ECOWAS suka amince da ƙa'ida ɗaya a kan girma da nauyin manyan motocin dakon kaya. A ƙarƙashinta, layin tayoyi guda na babbar mota bai kamata ya ɗauki fiye da tan 11.5 ba, tirela mai layi shida kuma kada nauyinta da kayanta ya wuce tan 51. Faɗin mota ma an taƙaita shi a kimanin mita biyu da rabi. Najeriya ta fitar da nata ƙa'idojin a kan wannan batu a shekarar 2018, ƙarƙashin dokar manyan hanyoyin tarayya.

Dalilin wannan tsanani ya samo asali ne daga wani babban gwaji da aka yi a Jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960, inda aka yi ta zagaya tituna da motoci masu nauyi daban-daban ana auna lalacewarsu. Abin da aka gano shi ne ɓarnar da taya ke yi wa titi tana ƙaruwa fiye da yadda nauyin ke ƙaruwa. Idan nauyin da ke kan layin tayoyi ya ninka sau 2, ɓarnar takan ninka kusan sau 16.

Injin tan 200 ya zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba, don haka ba ya hawa titin tarayya sai da izini na musamman daga Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya. Kafin a ba da izinin, kamfanin dakon zai nuna hanyar da zai bi, irin tirelar da zai yi amfani da ita, yadda nauyin zai rarrabu a kan tayoyi, da kuma lissafin da ke nuna cewa gadojin hanyar za su iya ɗauka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da 'yan sanda ne ke yi wa ayarin rakiya.

Daga jirgi zuwa ƙasa

Irin wannan kaya ba ya shiga kwantena. Jiragen ruwa na musamman ne ke kawo shi, masu ɗauke da nasu injunan ɗaga kaya, domin ba kowace tasha ce ke da na'urar da za ta ɗaga tan 200 a tashi ɗaya ba. Abin da aka fi so shi ne tirela ta riga ta tsaya a bakin jirgin, a sauke injin kai tsaye a bayanta. Idan hakan bai samu ba, sai a girke shi a kan wasu ƙafafun ƙarfe, daga baya tirela ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi.

Tashoshin da ake amfani da su sun haɗa da Apapa da Tin Can a Legas, Onne kusa da Fatakwal, Warri, Kalaba, da sabuwar tashar Lekki da aka ƙaddamar a Janairun 2023. Onne ta yi suna wajen karɓar kaya masu nauyi saboda ta daɗe tana hidimta wa kamfanonin mai da gas. Apapa da Tin Can kuwa a tsakiyar birni suke, kuma hanyoyin fita daga cikinsu cike suke da gadojin sama da cunkoso.

Jinkiri yakan fara ne tun daga nan. Kayan wutar lantarki na gwamnati kan samu sassaucin harajin kwastam, amma sai takardar sassaucin ta fito daga Ma'aikatar Kuɗi. Duk ranar da kaya ya ƙara a tasha, kuɗin ajiya na ƙaruwa. A shekarun da suka biyo bayan 2015, kamfanin TCN, mai kula da manyan layukan wuta na ƙasa, ya yi ta aikin fitar da ɗaruruwan kwantenonin kayan wuta da suka maƙale a tashoshin ruwa, waɗansu sun shafe shekaru a can, alhali ayyukan da aka sayo su dominsu na tsaye cik.

Safiyon hanya

Watanni kafin jirgi ya iso, injiniyoyi kan bi hanyar tun daga ƙofar tasha har zuwa inda za a girke injin, suna aune-aune. Sukan auna tsayin kowace gadar sama da ta masu tafiya a ƙasa, da wayoyin wuta da na sadarwa da suka gitta titi, da allunan talla. Sukan auna faɗin kowace kwana da shataletale, su ga ko doguwar tirela za ta iya karyawa. Sukan duba hawa da gangara, da karkatar titi, domin kaya mai tsayi yana iya rinjayar tirela idan gefe ɗaya ya nutse.

Gada ita ce babbar matsala. A kan titi, yawan tayoyi na rarraba nauyi, amma a kan gada abin da ake dubawa shi ne jimlar nauyin da zai hau tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi a lokaci ɗaya. Gadar da dubban motoci ke bi kullum lafiya lau tana iya kasa ɗaukar tan 300 a dunƙule. Dole a nemo zanen da aka gina ta da shi, a duba shekarunta, a leƙa ƙarƙashinta a ga ko siminti ya tsage ko ƙarfe ya yi tsatsa.

Idan gada ko kwalbati ba za su ɗauka ba, akwai dabaru. Ana iya tokare ƙarƙashinsu da ginshiƙan ƙarfe na wucin gadi. Idan gadar gajera ce, sai a shimfiɗa dogayen ƙarafa a samanta, bakinsu biyu su zauna a kan ƙasa, tirela ta bi ta kansu ba tare da nauyin ya taɓa gadar ba. A lokacin rani ana iya yanka hanya ta cikin busasshen rafi. Idan duk waɗannan ba su yiwu ba, sai a sake hanya, ko da za ta ƙara ɗaruruwan kilomita.

Tirelar da ke ɗaukar kayan

Tirelar wannan aiki ba irin ta dakon siminti ko shanu ba ce. Guntaye ne ake haɗawa, kowanne da layukan tayoyinsa, a ƙara tsawo ko faɗi gwargwadon nauyin kayan. Kamfanonin Goldhofer da Scheuerle na Jamus da Cometto na Italiya suna cikin waɗanda suka shahara wajen ƙera su. Kowane layi yana da tayoyi takwas, kuma kowane rukunin tayoyi yana rataye ne a jikin wani jak mai aiki da matsin mai. Idan tayoyin gaba suka faɗa rami ko suka hau tudu, man yakan koma sauran jakunan, bayan tirelar ya zauna a miƙe, nauyin kuma ya ci gaba da rarrabuwa daidai. Kusan dukkan layukan suna karyawa, abin da ke bai wa tirela mai tsawon mita 30 damar shan kwana.

Ga misali da lissafi mai sauƙi. Idan injin ya kai tan 200, tirelar kanta tan 60, jimla tan 260 ke nan. Idan aka raba shi a kan layi 20, kowane layi zai ɗauki tan 13, a kan tayoyi 160 gaba ɗaya. Kan motar da ke ja shi ma na musamman ne: a kan loda masa tubalan siminti ko ƙarfe a baya domin tayoyinsa su kama ƙasa. A wurin hawa a kan haɗa kai biyu ko uku, wani na ja a gaba, wani na turawa a baya, direbobin suna magana da juna ta rediyo. A gangara kuma na bayan ne ke taimakawa wajen riƙe kayan.

Akwai kuma tirela mai tuƙa kanta, wadda ba ta buƙatar kan mota, mutum ne ke tafiya a gefenta yana sarrafa ta da na'ura a hannu. Da irinta aka kwashe manyan kayan matatar man Dangote da ke Lekki, ciki har da hasumiyar tace ɗanyen mai da ta iso a Disambar 2019, mai nauyin fiye da tan 2,000 da tsawon fiye da mita 110. Kamfanin ya gina tasa tashar sauke kaya a kusa da matatar, saboda babu yadda za a yi irin wannan kaya ya ratsa birnin Legas daga Apapa.

Hanyoyi biyu zuwa Lafia

Kayan da ya sauka a Onne hanyarsa ita ce babbar hanyar A3, wadda ta taso daga Fatakwal ta bi ta Aba, Umuahia, Enugu, Otukpo da Makurdi, ta ratsa Lafia, ta wuce Akwanga, Jos, Bauchi, Potiskum da Damaturu har zuwa Maiduguri. Daga Onne zuwa Lafia kimanin kilomita 600 ne. Babban shingen wannan hanya shi ne Kogin Binuwai a Makurdi. Tsohuwar gadar garin, wadda aka buɗe a 1932, an gina ta ne domin jirgin ƙasa da motocin wancan zamani. Sabuwar gadar da aka gina a shekarun 1970 ita ke ɗauke da manyan motocin da ke zirga-zirga tsakanin kudu maso gabas da arewa. A Mayun 2023 an ƙaddamar da gadar Loko zuwa Oweto, wadda ta buɗe wata mashigar tsakanin jihohin Nasarawa da Binuwai.

Kayan da ya sauka a Legas kuwa tafiyarsa ta fi tsawo, kimanin kilomita 900. Yakan bi ta Ibadan, Akure da Owo, ko ta Benin da Auchi, ya haɗu a Okene mai duwatsu, ya sauka Lokoja, ya tsallake Kogin Neja a gadar Murtala Muhammed da ke Jamata kusa da Koton Karfe, sannan ya wuce Abuja, Keffi da Akwanga. A shekarun 2012 da 2022 ambaliya ta shafe wani ɓangare na hanyar Lokoja zuwa Abuja, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye. Tsakanin Akwanga da Nasarawa Eggon kuma akwai tsaunin da matafiya suka laƙaba wa suna Many Have Gone, wato da yawa sun tafi, saboda yawan rayukan da haɗurran manyan motoci suka ci a gangararsa.

An samu sauƙi bayan da kamfanin China Harbour ya mayar da hanyar Keffi zuwa Akwanga, Lafia da Makurdi, mai tsawon kimanin kilomita 220, ta zama tagwaye, da rancen bankin Exim na ƙasar Sin. An fara karɓar kuɗin hanya a kanta a Fabrairun 2025. Tagwayen hanya na bai wa ayari damar mamaye ɓangare ɗaya, a karkatar da sauran motoci zuwa ɗayan. Sai dai kowane sabon gini yana zuwa da nasa ma'auni: rumfunan karɓar kuɗi da gadojin sama, har da wadda aka gina a tsakiyar Lafia, duk suna da iyakar tsayi da faɗin abin da zai wuce. Shi ya sa hanyar da za ta kewaye garin, wadda aka sa a kashi na biyu na aikin tare da hanyar Makurdi zuwa Enugu, take da muhimmanci ga masu irin wannan dako.

Darasin Alaoji

Misalin da aka fi ambata a Najeriya idan ana maganar illar rashin auna hanya shi ne na tashar Alaoji da ke kusa da Aba a Jihar Abia. Tana cikin tashoshi goma na shirin NIPP, wanda gwamnatin Olusegun Obasanjo ta fara a tsakiyar shekarun 2000. An sayo manyan injunan General Electric, suka iso Onne lafiya, kuma tazarar da ke tsakanin tashar ruwan da wurin aikin ba ta kai kilomita 100 ba. Sai aka tarar gadar Kogin Imo da ke kan hanyar Fatakwal zuwa Aba ba za ta ɗauki nauyinsu ba.

Injunan suka yi shekaru a ajiye. Batun ya yi ta fitowa a lokacin da kwamitin wutar lantarki na Majalisar Wakilai, ƙarƙashin Ndudi Elumelu, ya binciki kuɗin da aka kashe a fannin a shekarar 2008. Sai da aka yi tanadi na musamman kafin aka tsallakar da su kogin, kuma sai a Maris na 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da kashin farko na tashar. Akwai wasu dalilan jinkirin, na kuɗi da na kwangila da na gas, amma gada ɗaya ta ci nata rabon shekarun.

Asarar irin wannan jira ba ta tsaya ga lokaci ba. Garantin da masana'anta ke bayarwa yana da wa'adi, kuma yana iya ƙarewa tun injin bai taɓa juyawa ba. Iskar bakin teku mai gishiri tana cin ƙarfe. Rancen da aka ciyo yana tara ruwa, al'ummar da aka yi wa alkawarin wuta kuma tana ci gaba da sayen man janareto.

Ranar tafiya

Ayarin yakan ƙunshi motar gargaɗi a gaba, jami'an tsaro da na kiyaye haɗurra, ma'aikatan kamfanin rarraba wuta da za su kashe layi su ɗaga wayoyi, makanikai, motar tayoyin canji, da kan mota na ko-ta-kwana. Gudun ba ya cika wuce kilomita 20 zuwa 30 a awa a inda titi ke da kyau, a wurare masu wuya kuwa bai fi tafiyar ƙafa ba. Tafiyar da direban haya zai yi a yini ɗaya takan ɗauki ayarin makonni. Masu wannan sana'a su ne suka fi kowa sanin cewa tafiya sannu-sannu kwana nesa.

A kan gada, a kan tsayar da duk wata mota daga ɓangarorin biyu. Tirelar takan bi tsakiyar gadar ita kaɗai, a hankali, ba taka birki, ba canza giya, domin girgiza tana ƙara wa nauyi ƙarfi. A jikin injin ko taransfoman kuma akwai wata na'ura da aka liƙa tun daga masana'anta, wadda ke rubuta duk wani bugu ko girgiza da lokacin da ya faru. Idan an isa, ita ake fara dubawa. Idan ta nuna bugu ya wuce ƙa'ida, sai an binciki cikin kayan kafin a kunna shi, kuma da bayananta kamfanin inshora ke tantance wanda alhaki ya rataya a wuyansa.

A wurin aiki ba kasafai ake samun na'urar da za ta ɗaga kayan ba. Akan ɗaga shi da jakuna, a shimfiɗa dogayen ƙarafa, a riƙa tura shi kaɗan-kaɗan har ya hau kan harsashinsa.

Me ya hana a bi ta ruwa ko ta dogo?

A ƙasashe da dama kogi ne ke ɗaukar irin wannan kaya, titi ya ƙarasa ɗan abin da ya rage. Najeriya na da Neja da Binuwai, kuma a zamanin Turawa jiragen kamfanonin ciniki kan hau Binuwai har Yola da Garwa a lokacin damina. A Satumbar 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe Kogin Neja daga yankin Warri zuwa Baro, a Janairun 2019 kuma aka buɗe tashar ruwa ta Baro. Matsalar ita ce rairayi yana komawa idan ba a ci gaba da yashewa ba, Binuwai kuma ba ta ɗaukar jirgi mai nauyi sai a 'yan watannin cikar ruwa. A nan ne lissafin ke rikicewa: lokacin da kogi ya fi dacewa da dako shi ne lokacin da ƙasa ta jiƙe, gefen titi ya yi laushi, kwalbatoci ke cikin haɗari.

Layin dogo na gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Enugu da Makurdi zuwa Kafanchan, ya ratsa ta cikin Lafia, garin ma na da tasharsa. Amma siririn layi ne na zamanin mulkin mallaka, gadojinsa da kwanoninsa ba a yi su domin kaya mai faɗi da nauyin injin wuta ba, kuma jirgi ya daɗe bai bi mafi yawansa ba. An ƙaddamar da aikin gyara shi daga Fatakwal zuwa Maiduguri a Maris na 2021. A halin yanzu dai titi ne ke ɗauke da nauyin.

Abin da wannan ke nufi ga Arewa

Kusan dukkan tashoshin gas na Najeriya a kudu suke, kusa da rijiyoyin gas da bututansa, kuma kusa da teku. Daga cikin tashoshi goma na NIPP, Geregu ta biyu da ke kusa da Ajaokuta a Jihar Kogi ce kaɗai ke yankin Arewa. Waɗanda aka kafa can cikin Arewa da ƙananan injuna aka yi su. Tashar Kudenda a Kaduna, mai megawat 215, injuna takwas aka raba mata. A Maiduguri, bayan da 'yan ta'adda suka rusa turakun layin Damaturu a farkon 2021 suka jefa birnin cikin duhu, kamfanin NNPC ya kawo injin General Electric samfurin TM2500, wanda tun daga masana'anta a kan tirela ake ƙera shi, aka ƙaddamar da tashar a Maris na 2023. Ƙaramin inji ya fi sauƙin dako, sai dai wutar da yake bayarwa kaɗan ce idan aka kwatanta da manyan.

Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara a 2020, an tsara shi ne domin ya ciyar da manyan tashoshi a Abuja, Kaduna da Kano. A Agustan 2023 Shugaba Bola Tinubu ya aza harsashin ta Gwagwalada, wadda kashinta na farko megawat 350 ne. Dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta bai wa jihohi, har da Nasarawa, ikon kafa nasu kasuwannin wuta. Duk injin da za a saya domin waɗannan ayyuka ta teku zai zo, kuma sai ya tsallake Neja ko Binuwai kafin ya iso.

Don haka masu tsara irin waɗannan ayyuka kan sa safiyon hanya a gaba da sayen inji, a san nauyin da gadojin Jamata, Makurdi ko Loko za su iya ɗauka kafin a sa hannu a kwangila. Haka nan kula da ma'aunin nauyin motoci a manyan hanyoyi ya shafi wutar lantarki kai tsaye, domin gadar da lodin da ya wuce ƙa'ida ya gajiyar da ita a yau, ita ce za ta kasa ɗaukar taransfoma gobe.

Ga mazauna garuruwan da ke kan hanya, irin su Lafia, Nasarawa Eggon da Akwanga, wucewar irin wannan ayari na nufin rufe titi na ɗan lokaci, ɗauke wuta yayin da ake ɗaga wayoyi, wani lokaci da janye rumfunan da suka shigo bakin titi. Abin da jami'an rakiya ke nema shi ne direbobi da 'yan acaɓa su guji kutsawa tsakanin motocin ayarin ko ƙoƙarin wuce shi a kwana, iyaye kuma su hana yara matsawa kusa da tayoyi, domin tirela mai wannan nauyi ba ta tsayawa nan take.